Ɗakin Dodanni na Dokta Matakon

Ku da kuke zuwa mini da hoto a waya kuna cewa, "Baba Sale, ai tebur ne kawai, ƙafa huɗu da allo a sama," ku kashe injin nan ku ja benci ku zauna. Yau ba sauri muke ba.

Gidanmu a unguwar Rumde Ajiya, nan Garwa, gidan 'yan kasuwa ne. Kakanmu daga Kano ya sauko Garwa da goro da yadi, kuma duk wanda aka haifa a gidan da awon yadi yake tashi. Ni kaɗai na fita daban. Ranar da na ce aikin kafinta zan koya, mahaifina ya yi dariya har ya ƙware da shayi, ya ce ba laifi, an samu mai gyara ƙofar shago kyauta. Washegari ya kai ni wurin wani kafinta, Malam Bappa.

Malam Bappa Bafulatani ne, siriri, maganarsa ba ta wuce "jam", wato lafiya da Fulatanci, da "sake". Shekarata ta farko a wurinsa ko sandar tsintsiya ban yanka ba. Aikina shi ne miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan guntun ƙarfe, da wasa bakin rabo, wato abin da ake share fuskar katako da shi ta yi santsi. In na gama wasawa sai ya karɓa ya gwada a gashin damtsena. In gashi bai zube ba, ya ce, "Sake." Ku dubi hannun nan nawa na hagu, har yau gashin bai dawo da kirki ba.

A wurinsa na koyi halin katako. Wanda ake kawowa daga kudu, a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere sannan a babbar mota zuwa nan, da ruwan daji a jikinsa yake isowa. In ka yi gaggawa ka haɗa kabad da shi, zafin bazarar Garwa zai murɗe shi, ƙofa ta ƙi rufuwa, matar gida ta biyo ka har shago ta wanke ka tas a gaban abokanka. Sai an jera shi a inuwa, da sanduna a tsakani iska tana ratsawa, an bar shi ya gama duk murɗewar da zai yi. Namu na nan kuwa, maɗaci da madobiya da kirya, tun suna tsaye suka saba da zafin, sai dai suna cinye haƙoran zarto. Da Malam Bappa ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya kira ni ya miƙa mini akwatin kayan aikinsa, da rabo da zarto da gizago da kurfi manya da ƙanana. Ya ce, "Kada ka ara wa kowa." Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba.

Na yi shekaru ina cin abinci a hannun ma'aikatan gwamnati. Gado mai madubi, kujerun falo, kabad ɗin jere, duk ni ne. Sai mummunar shekarar nan ta zo, wadda aka zaftare albashi, mutane ba su farfaɗo ba aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Mutumin da jiya yake zaɓar mini launin fanis, yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Aikin da ya rage mini shi ne 'yan teburan da masu sayar da fetur ɗin kwalba ke jera kayansu a kai. Ina yi musu tebur, ina kallonsu suna cin tsire, ni ina lallaɓa ƙosai. Na yanke shawarar in sayar da akwatin Malam Bappa in shiga fetur. Har dillali ya zo ya ɗaga rabon ya jujjuya, muka ajiye magana zai dawo ranar Litinin.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wani tsohon babur ya tsaya a ƙofar shagona yana tari. Mutumin da ya sauko gajere ne, ƙaƙƙarfa, da tabarau ɗaure da zare. Na san shi daga nesa. Dokta Matakon ne, likitan dabbobi, mutumin Mokolo, wanda ya yi karatu a Turai ya dawo. Hausarsa ta kasuwar shanu ce, ba ya kwana-kwana.

Ya kira ni da metir, wato gwanin sana'a da Faransanci, ya ce, "Metir Sale, ɗaki nake so ka yi mini."

Na ce, "Dokta, ai ni ba magini ba ne."

"Ɗakin yana nan, tsohon sito ne a bayan gidana. Cikinsa nake so ka yi."

"Na kwana ko na baƙi?"

"Na yaƙi da dodanni."

Na dube shi, na dubi babur ɗin, na ce a raina rashin albashi ya fara taɓa manya. Shi kuwa ya ce kuɗi dai ba shi da su, kada ma mu yaudari juna. Akwai gero da 'yan'uwansa ke aiko masa daga Mokolo, akwai kututturen maɗaci busasshe da wani makiyayi ya ba shi, kuma awakina sun samu likita har ƙarshen rayuwarsu. Amma kafin in ce e ko a'a, in zo ranar Lahadi da rana in ga abin da idona.

Na je. A ƙarƙashin darbejiya na same su a kan tabarma, sun kewaye wata babbar takarda da aka zana kogi da duwatsu a kanta, an danne gefunanta da takalma saboda iska. Akwai malaman makaranta biyu. Akwai Malama Zenabu, unguwarzoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu. Sai wani mai babbar riga da ya ba ni baya. Da ya juyo, sai da na dafa bishiya. Kawu Tanko ne, ƙanin mahaifiyata, Alhajin da ko a ranar sunan ɗansa ba a ga haƙoransa ba. Ashe Dokta ne ke duba masa ragunan kiwo, daga nan ya ja shi.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ina wuni?"

Ya ce, "Lafiya. Zauna, kada ka taka mini kogi. Kuma a nan ni ba kawunka ba ne, sunana Kurege, ɓarawo ne ni."

Ga yadda wasan yake. Mutum ɗaya shi ne mai labari, a nan kuwa Dokta ne. Shi ne kogi, shi ne hadari, shi ne 'yan fashi, shi ne tsohuwar da za ka tambaya hanya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi. Mai labari ya ce ga inda kuke, ga abin da ke gabanku, me za ku yi? Ka faɗi abin da ka ga dama. In abin mai wuya ne, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, sai dai wannan fuska ashirin gare ta. Babbar lamba ka yi nasara, ƙarama ka sha kunya. Ko dala ba a ajiyewa, ba wanda ke cinye wani, kuma da an kira salla Musulmin ciki mu tashi, Dokta ya jira mu.

Aka ba ni maƙeri mai jaki. Na ce ni kallo na zo yi. Dokta ya ce to, kalli nan: kana tsaye a bakin rafi, igiyar jakinka ta tsinke, ruwa yana jan sa, me za ka yi? Ban san lokacin da na ce zan faɗa ruwan ba. Na jefa ƙwaya, ta ba ni biyu. Dokta ya ce jakin ya fito da kansa, ni kuma ruwa ya tafi da wandona. Kawu Tanko ya kwanta a kan tabarma yana dariya, hularsa ta gangara har gindin randa. Daga nan ban ƙara sanin inda rana take ba sai da aka kira magariba.

Da Dokta ya rako ni, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ka gan su? Malaman nan biyu, in ba nan ba, mashaya ce za ta tara su. Duk mako suna aiki, ba abin da ke fitowa. Rana ɗaya nake so su zama mutanen da in sun yunƙura, abu yana iya yiwuwa. Amma tabarma ba ta yi. Iska ta kwashe mana gari guda makon jiya."

Ranar Litinin dillali ya zo, na ce masa rabo yana da aiki.

Aikin ɗakin nan ban fara shi da awon bango ba. Lahadi bayan Lahadi na zauna ina wasa, ina kuma kallon yadda kowa yake yi da jikinsa. Malama Zenabu jaruma ce mai gatari a cikin wasan, kuma da an fara faɗa miƙewa take yi tsaye tana sara iska, don haka kujerarta ba hannu, ba abin da zai riƙe mata zane. Kawu Tanko in ya miƙa hannu, hannun babbar rigarsa yakan share rundunar 'yan fashi gaba ɗaya, a rasa wa ya mutu wa yake da rai. Saboda shi na yi wa teburin rami a tsakiya, zurfinsa kamar faɗin tafin hannu. Taswira da 'yan mutanen wasa na katako suna ciki, gwiwar hannu da hannun riga suna sama a kan gefe mai faɗi. Ƙwaya ma ta daina tserewa. Kawu ya kawo koren yadi mai kauri daga shagonsa na shimfiɗa a ramin, ya ce kada in faɗa a gida cewa kyauta ya bayar.

Ɗaya daga cikin malaman ba ya iya tunani sai da shayi a hannu, kuma ya taɓa yi wa wata masarauta ta kan taswira ambaliya da kofi guda. Na huda wa kowa gurbin kofi a gefen waje, nesa da taswira. Na yi murfi na alluna masu shiga cikin juna, in an tashi salla ko an watse sai a rufe, kome ya zauna yadda aka bar shi har wata Lahadi, ba ruwan iska, ba ruwan kaji.

Maɗacin nan, ni da wani mai zarto muka tsaga shi da hannu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, garin katako yana zuba a ido. Ja ne wur, da aka share shi da rabo aka shafa masa mai sai ya zama kamar ruwan zoɓo. A cikin ɗakin na haɗa teburin, domin ya fi ƙofar faɗi nesa ba kusa ba. Ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, tsaga ce da harshe da turakun katako. Ƙafafunsa na shafe su da baƙin man mota saboda gara.

Sai zafi. Ɗakin kwano a Garwa da tsakar rana, ko dodon ma ba zai zauna ba. Na yi silin da zana ninki biyu a ƙarƙashin kwanon, na buɗe ƙananan tagogi a can sama inda zafi ke taruwa, da wasu a ƙasa ta gefen da iskar kogi ke zuwa. Randa ta samu gurbinta a kusurwa a kan jiƙaƙƙen yashi. Bango ɗaya na cika shi da kanta mai ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da mazauninsa, domin a lokacin na riga na fara sassaƙa musu mutanen wasa da guntayen aduwa: mahaya, kuraye, mayu, wani ƙaton maciji mai kai uku wanda matata ta ce in ya kwana a gidanta ita ba za ta kwana ba.

Wurin Dokta shi ne a kan teburin. Na yi masa kariya ta alluna uku masu naɗewa, tsayinta daidai hancinsa, yana ganin kowa, ba mai ganin hannunsa. Ya kuma roƙe ni aljihun ɓoye a ƙarƙashin gefensa, wanda ba ya buɗewa sai an danna wani turke da gwiwa. Ranar da na nuna masa, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana ƙyalƙyala dariya kamar an ba yaro sabon keke, har matarsa Madam Marta ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ana cikin wannan aiki ƙwaya mai fuska ashirin ta yi tsalle daga tabarma, agwagwar Madam Marta ta haɗiye ta a kan idonmu. Ƙwayar kuwa ita kaɗai ce irinta a duk Garwa. Kawu Tanko ya ce a kawo wuƙa, shi zai biya agwagwa. Madam Marta ta fito da muciya a hannu ta ce duk wanda ya taɓa mata agwagwa zai ga dodon gaske. Dokta, da duk karatunsa na Turai, ya yi kwanaki yana bin agwagwa a tsakar gida da ɗan tsinke yana bincike. Ƙwaya ba ta fito ba har yau.

Ya ce mini, "Metir, za ka iya?"

Ku da kuke cewa aikin nan mai sauƙi ne, ku gwada wannan. Dokta ya yanka takarda ya naɗe mini siffar, fuska ashirin, kowace mai kusurwa uku, duk girmansu ɗaya. Na samo zuciyar kanya, baƙa, mai nauyi. Sai ka fara mayar da guntun ya zama dunƙule kamar ƙwallo, ka sa alamar inda kusurwoyi za su tsaya, sannan ka riƙa cin kowace fuska a kan dutsen wasa kaɗan-kaɗan, kana juyawa. In ka ci ɗaya fiye da kima, sauran goma sha tara sun lalace. Na ɓata da yawa. Wadda ta fara yin kyau a ido muka gwada ta a cikin ƙwarya, Malama Zenabu tana ajiye tsakuwa a gurbin duk lambar da ta fito. Ashe ƙwayar ta ƙulla soyayya da bakwai. Wata kuma sha takwas take so, Kawu Tanko ya zura ta a aljihu ya ce kada a wahalar da yaro, wannan ma ta isa. Sai da Malama Zenabu ta tsare ƙofa kafin ya fito da ita. Wadda ta zauna daidai, na ƙona lambobinta da bakin ƙusa mai zafi, na cike su da farar ƙasa.

Akwai wani aiki da Dokta ya ba ni a ɓoye. A cikin labarin muna da wani tsohon mai fito, Baba Kwale, wanda yake nuna mana hanya zuwa gidan Sarkin Kadoji, dodon da muke nema tun farkon wasan. Kowa yana son tsohon nan. Dokta ya ce in sassaƙa shi sau biyu: ɗaya yadda aka san shi, ɗaya da rigarsa da sandarsa amma da kan kada. Na ajiye kurfi na ce, "Dokta, kada ka ce mini shi ne!" Ya sa ni na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, ya kulle mai kan kadan a aljihun ɓoye. Watanni na yi ina zaune ina kallon kawuna yana raba goronsa na cikin wasa da Baba Kwale, ina cizon leɓe.

Muka tare a ɗakin, abin ya yi daɗi har ya wuce misali. Abin da ban lissafa ba shi ne, tagar da ke shigo da iska tana kuma fitar da magana. A lokacin ba a daɗe da wuce kwanakin rufe gari da yajin aiki ba, kunnen hukuma a miƙe yake, kuma wanda aka ɗauka ba a sanin ranar dawowarsa. Wani mai wucewa ya ji murya daga ɗaki rufaffe tana cewa, "A ƙone gadar tukuna, kwamandan kuwa a kama shi da rai." Muryar Malama Zenabu ce.

Wata Lahadi bayan la'asar aka buga ƙofa. Jawro ne, wato mai unguwarmu, yana ta sunkuyar da kai, a bayansa wani hafsa dogo da mutum biyu masu bindiga. Aka ce kowa ya ɗora hannu a kan tebur. Hafsan ya dubi taswira, ga kogi, ga gada, ga alamun ja a kewaye da wani gida. Dokta ya fara bayani da Faransanci, aka ce ya rufe baki. Hafsan ya kewaya teburin yana ƙwanƙwasa shi da zobensa, da ya zo gefen Dokta sai sautin ya sauya. Ya tsaya.

Ya ce, "Wa ya yi teburin nan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Na dubi bindigogi, na dubi Dokta. Dokta ya rufe ido ya gyaɗa kai. Na danna turke da gwiwa, aljihu ya fito. Hafsan ya sa hannu ya zaro abin da ke ciki, ya ɗaga shi sama. Tsoho ne na katako, da riga da sanda, da kan kada.

Kawu Tanko ne ya fara ganewa. Ya miƙe tsaye, ya manta da hannu a kan tebur, ya manta da bindiga.

"Baba Kwale? Baba Kwale ne Sarkin Kadoji? La'ilaha illallahu! Dokta, ka ji tsoron Allah! Mutumin da na sato wa bargo saboda sanyi?"

Malama Zenabu ta dafe ƙirji ta ce, "Ni da na goya shi a bayana na hau dutse da shi! Ashe kada na goya!"

Kawu ya juyo kaina. "Kai kuma, Sale, ɗan 'yar'uwata, da hannunka ka sassaƙa shi, kana kallona ina ba shi goro?"

Na ce, "Kawu, alkawari na yi."

"Alkawarin banza! Ka ci amanar jini saboda kada!"

Malaman nan biyu ma suka shiga, kowa yana tuno abin da ya yi wa tsohon. Ɗakin ya kaure. Hafsan yana tsaye da gunkin a hannu, yana duban Alhajin da duk kasuwa ke tsoro yana kusan hawaye a kan ɗan itace. Jawro yana fassara masa da Fulatanci, yana yi yana toshe baki. Can sai ɗaya mai bindigar ya fashe da dariya, hafsan ya daka masa tsawa, amma shi ma leɓensa yana rawa.

Duk da haka sun tafi da Dokta da taswirar. Ya kwana a can, mu kuma muka kwana da zullumi. Da aka sako shi da taswirarsa, sharaɗin da aka gindaya shi ne ba za a ƙara wasa da ƙofa a rufe ba. To, muka buɗe ƙofa. Lahadin farko mutum uku suka tsaya kallo. Kafin damina ta wuce, har kan katanga ake zama, masu ƙosai suna kafa kasko a waje, ana gardama a kasuwa kan ko ya dace a yafe wa Baba Kwale. Cikin masu kallon nan ne wani tela ya ce yana son tebur mai rami da murfi, wani mai magani ya ce yana son kanta mai ƙananan ɗakuna. Da haka aiki ya dawo hannuna kaɗan-kaɗan.

Bayan wani lokaci aka yi wa Dokta canjin wurin aiki zuwa garin Tinyer. Wasu sun ce saboda maganar nan ne, ni dai ban sani ba. Ranar tafiya ta faɗo Lahadi. Babbar mota tana ƙofar gida, an ɗaure kaya, Madam Marta tana zaune a kan ƙunshin katifa da agwagwarta a kwando. Dokta ya ce a ba shi ɗan lokaci kaɗan, ba zai bar Garwa Sarkin Kadoji yana da rai ba.

Faɗan ya yi tsanani. Maƙerina ya faɗi sumamme. Kurege ya ɓuya a bayan jakina yana ba da shawara daga nesa. Malaman nan biyu Sarkin Kadoji ya watsar da su da wutsiya. Jarumar Malama Zenabu kaɗai ta rage a tsaye, da sara ɗaya a hannunta. Ta ɗauki ƙwaya ke nan sai ga wata mata da gudu, naƙuda ta kama maƙwabciya. Malama Zenabu ta ajiye ƙwaya, ta suri jakarta, ta ce daga bakin ƙofa, "Wani ya jefa mini, amma ban da Alhaji!"

Muka tsaya kallon juna, kowa yana tsoron hannunsa. A waje direba yana ta danna oda. Da ya gaji sai ya shigo, wani ƙato da tawul a wuya, yana faɗa.

"Haba Dokta! Rana tana yi, hanyar nan ba kyau, ku kuna nan manya da ku kuna wasan yara!"

Kawu Tanko ya kama hannunsa ya danƙa masa ƙwaya ya ce, "Malam direba, jefa wannan a ramin nan, sai ku tafi."

Ya jefa don a rabu da shi. Ƙwaya ta bugi gefe, ta dawo, ta yi juyi a kan koren yadi, ta tsaya. Ashirin.

Ihun da aka yi, har tantabarun maƙwabta sai da suka tashi. Na kan katanga suka diro. Kawu Tanko ya rungume direba yana sa masa albarka har kakanninsa. Dokta ya miƙe a bayan kariyarsa, ya ba da labarin yadda gatari ya sauka, yadda kogi ya yi baƙi sannan ya washe, ya kwantar da gunkin a kan taswira da yatsa ɗaya.

Direba ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Wai ni na kashe shi?"

Aka ce, "Kai ka kashe shi."

Ya ja kujerar Malama Zenabu ya zauna, ya cire tawul daga wuya ya ninke a kan gwiwa.

"To, da ya mutu, me aka samu a gidan nasa?"

Dokta ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. Madam Marta tana tsaye a wurin da kwandon agwagwa a hannu. Ta kalle shi, ta kalli direba, sannan ta juya ta ƙwala wa masu ɗaurin kaya kira.

"Ku sauke mini tukunya da muciya. Yau ma a Garwa za a ci tuwo."